Mas'alar Gado A Cikin Amya: Sharhi Kan Ƙudan Zuman Dajin Rugu

Daga cikin abubuwan da masu ɗora amya a ƙasar Batsari da Safana suka daɗe da sani, ba tare da wani ya zaunar da su ya karantar da su ba, akwai cewa halin amya ba ya tabbata a kan abu guda. Mutum zai saƙa amyarsa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ɗorawa ko tsamiya ya ɗaure ta a tsakanin rassa, Allah ya kawo zuma ya shiga. A shekarar farko ya same shi mai sauƙin kai, mai cika saƙa, har ya riƙa yabonsa a majalisa. Amma kafin kaka ta zagayo sau biyu, sai amyar nan dai, a kan bishiyar nan dai, ta koma ba ta kusantuwa saboda harbi, ko kuwa ta yi sanyi har ɗibarta ba ta biyan wahalar hawa. Wasu su ce baki ne ya kama ta, wasu su ce shekara ce ba ta yi fure ba, wasu kuma su ce na farkon sun tashi, baƙi sun maye gurbinsu. Ƙauli na ƙarshen nan ya fi kusa da gaskiya, sai dai bai ƙure bayani ba, domin a ƙarƙashinsa akwai wata mas'ala ta gado wadda ta ɗaure wa masana kai tun shekarar 1995, watau cewa sarauniyar zuma tana cuɗanya gadon iyayenta, kafin ta miƙa shi ga 'ya'yanta, fiye da yadda ɗan Adam yake yi kusan ninki ashirin, in an auna da tsawon gadon kowannensu.

Kafin a shiga cikin mas'alar, wajibi ne a san nasabar mazauna amya, don kuwa ba ta bin ƙa'idar da muka saba da ita. Magabata, tun daga Aristo, sun ɗauka cewa babban ƙudan nan da sauran suke kewayewa namiji ne, sarki ne, har sai da wani Baholande mai suna Swammerdam ya feɗe shi a ƙarni na 17 ya tarar da mahaifar ƙwai. Ita ce uwar kowa, kuma a lokacin yalwar fure takan saka ƙwai fiye da 1,500 a yini guda. Sa'an nan a 1845 wani limamin Kirista mai kiwon zuma a ƙasar Silesiya, Dzierzon, ya fito da maganar da aka daɗe ana musunta ta kafin a sallama masa, cewa mazan zuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa. Namijin zuma ke nan ba shi da uba, amma yana da kaka na wajen uwa, ba ya kuma haifar ɗa namiji, sai dai jika. Saboda haka mace, sarauniya ce ko ma'aikaciya, tana ɗauke da zaren gado guda 32, waɗanda masana ke kira kuromosom, 16 daga uwa, 16 daga uba, alhali namiji 16 kaɗai gare shi. Akwai masu wa'azi a zamanin nan da suke haɗa wannan adadi da kasancewar Suratun Nahli ita ce ta 16 a jerin Mus'hafi. Ni dai ba na kafa hujja da dacewar lissafi, domin abin da ke cikin halittar da kanta ya ishi mai lura.

Budurwar sarauniya, bayan 'yan kwanaki da fitowarta, takan tashi sama zuwa wata mahaɗa inda mazan amyoyi da kogunan itatuwa na kewaye suke taruwa, ta sadu da goma sha biyu ko fiye, wani lokaci har ashirin, kowannensu kuma ya mutu a kan haka. Ta dawo da maniyyinsu miliyoyi a cikin wata 'yar jaka a jikinta, daga nan ba ta ƙara neman namiji har ƙarshen ranta. Ma'aikatan amya guda, ashe, uwarsu ɗaya amma ubanninsu daban-daban. Idan kuma amya ta cika ta tumbatsa, tsohuwar sarauniya ce take fita da wani kaso na jama'a, ta bar gidan ga 'yarta, wadda za ta je ta samo nata mazan a daji. Tun da yake kuwa ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta wuce 'yan makonni a duniya, cikin wata biyu duk jama'ar gidan sun sake, mai amya yana ƙasa bai sani ba. Rabin amsar tambayarsa ke nan.

Ɗaya rabin yana cikin jikin sarauniyar, kuma ba zai fahimtu ba sai da misali. A ƙaddara wani malami ya gaji kwafi biyu na littafi guda mai juzu'i 16, ɗaya daga mahaifinsa, ɗaya daga mahaifiyarsa. Matanin ɗaya ne, sai dai akwai 'yan saɓanin lafazi nan da can, kamar yadda aka saba gani a littattafan hannu, wani saɓanin gyara ne, wani kuskuren alƙalami ne. Duk almajirin da ya zo, malam zai rubuta masa kwafi guda, amma ba ya bin ɗaya daga farko har ƙarshe: zai faro da na uba, in ya yi 'yan warƙoƙi sai ya tsallaka zuwa na uwa daga daidai inda ya tsaya, can kuma ya sake komawa, ta yadda littafin kowane almajiri cikakke ne, babu babin da ya faɗi, amma babu almajirai biyu da nasu ya zo daidai. Haka sarauniya take yi a kan kowane ƙwai. Zaren uba da na uwa sukan jeru, su harɗe, su tsinke a wuri guda, su yi musanyar guntaye, wannan shi ne abin da zan riƙa kira musanyar gado. Morgan da almajiransa a Jami'ar Kolambiya ta Amurka su ne suka gano shi a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, kuma a 1913 ɗaya daga cikinsu, Sturtevant, ya lura cewa ana iya auna nisan da ke tsakanin gado biyu da yawan rabuwarsu, domin kalmomi biyu da ke shafi guda ba safai malam yake raba su ba, na farkon juzu'i da na ƙarshensa kuwa kullum cikin rabuwa suke. Ma'aunin da aka yi wa laƙabi da sunan Morgan, santimogan, yana nufin rabuwa sau ɗaya a cikin ɗari.

To, ga inda mamakin yake. Littafin gadon ɗan Adam yana da haruffa kimanin miliyan 3,000, kuma a kowane miliyan guda ana samun santimogan ɗaya da 'yan kai. Na ƙudan zuma bai kai miliyan 250 ba. Amma da Hunt da Page suka zana taswirar gadonsa ta farko a Amurka a 1995, sai suka tarar da ita ta yi tsawon da bai dace da ƙanƙantar littafin ba. Da aka kammala karanta littafin duka a 2006, Martin Beye na Jamus da abokan aikinsa suka ƙiyasta santimogan 19 a kowane miliyan, ƙiyasin da ya biyo baya daga Faransa kuma ya kai 22. Ma'anar wannan a taƙaice ita ce, a cikin ƙwai guda na sarauniya akan sami tsallake arba'in ko fiye, adadin da ya kai ko ya zarce na ɗan Adam, alhali littafinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasa ba.

Abin da ya sauƙaƙa wannan bincike shi ne maraicin namijin nan. Tun da ba shi da gadon uba da zai gauraya da na uwa, shi ƙwan sarauniya ne kawai da ya yi fiffike, duk wanda ya karanta gadonsa ya ga wuraren da uwarsa ta tsallaka ɓaro-ɓaro. Ƙasarmu ma tana da hannu a cikin lamarin, ko da yake kaɗan ne suka sani: masana na Jami'ar Upsala a Suwidin, ƙarƙashin Matthew Webster, da suka karanta gadon ƙudan zuma 140 daga sassan duniya a 2014, akwai na Nijeriya a ciki, kuma sun tarar da cewa na Afirka sun fi na Turai yawan saɓanin lafazi nesa ba kusa ba. A 2015, da suka yi lissafi a kan na Afirka kaɗai, na Nijeriya da na Afirka ta Kudu, sai ma'aunin ya ba su 26. A 2019 kuma suka karanta maza 299 daga gidaje 22 na ƙudan zuma da gidaje 9 na wani ɗan'uwansa mai kauri da gashi da ke ƙasashen sanyi, suka tabbatar da abubuwa uku: jinsunan ƙudan zuma sun bambanta da juna wajen yawan musanya, sarauniya ma ta bambanta da sarauniya, kuma kaso mai yawa na wannan bambanci shi kansa gadonsa ake yi. Na ukun nan shi ne mai nauyi, domin duk sifar da ake gado, yanayi yana iya ɗaga ta ko ya sauke ta a tsawon zamani, sai tambaya ta koma: mene ne ya ɗaga ta a nan?

Masana sun yi saɓani, kuma ƙaulansu uku ne mashahurai. Na farko ya ce ramuwa ce: tun da namiji ba ya musanya, kwafi guda gare shi, sai mace ta yi nata ta yi nasa. Wannan ƙauli mai rauni ne, domin da ramuwa ce kaɗai, ƙarin rabi ya wadatar, ko a yi karamci a ce ninki biyu, ba ashirin ba. Ga shi kuma akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro mai zaman kaɗaici, Nasonia, wanda mazansa su ma marayu ne, amma ma'auninsa bai kai 2 ba. Abin da ya bayyana a ƙiyasi shi ne, yawan musanya yana tafiya tare da zaman jama'a, gama an same shi da yawa a tururuwa da rina, an kuma same shi a sauran dangin ƙudan zuma na Asiya, shi kuwa ɗan'uwan nan mai gashi, wanda gidansa ƙarami ne mai watsewa duk shekara, bai kai rabin na ƙudan zuma ba.

Ƙauli na biyu shi ne wanda ya fi daɗin ji, shi ne kuma ya fi yaɗuwa. Ya ce gidan da dubban 'yan'uwa suke cunkushe cikin ɗumi da danshi, suna ciyar da juna baki da baki, babu abin da yake tsoro kamar annoba, kuma babu garkuwar da ta fi a ce jikin mazaunansa ba iri ɗaya ba ne, cutar da ta kayar da wannan ta tarar da waccan a tsaye. Haka nan wajen rabon aiki. An gwada a Ostireliya a 2004 cewa gidan da ubanninsa suke da yawa ya fi iya tsayar da ɗumin ɗakin 'ya'ya a wajen digiri 35, saboda kowane dangin uba yana da nasa mizanin jin zafi, ba sa tashi fifita a lokaci guda su kuma daina a lokaci guda. Wanda ya san zafin Batsari a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa sharhin amfanin wannan. A 2007 kuma Mattila da Seeley a Jami'ar Kornel suka kwatanta sarauniyoyin da aka ba maniyyin maza 15 da waɗanda aka ba na namiji guda, na farkon suka fi saurin gina saƙa da tara abinci. Duk wannan sahihi ne. Illa dai, in an duba da idon basira, hujjojin nan suna tabbatar da fa'idar yawan mazaje ne, ba fa'idar yawan musanya ba, kuma Olav Rueppell da abokansa sun nuna ta hanyar lissafi a 2012 cewa yawan mazaje shi ne yake faɗaɗa bambancin 'ya'yan gida, abin da musanya take ƙarawa a kai kaɗan ne. Dalili ya tabbata, amma a kan wata da'awa daban.

Ƙauli na uku ya ɗauke ido daga amya guda ya mai da shi kan zuriya. A cikin dubun dubatar da ke gida, mai haihuwa ɗaya ce, saboda haka masu miƙa gado a daji duka 'yan kaɗan ne in an gwada da yawan masu tashi. A irin wannan hali kuwa gyara da kuskure sukan maƙale a shafi guda su yi ta tafiya tare, ba a iya ɗaukar wannan a bar wancan. Malamin da yake tsallakawa sau ɗaya a juzu'i zai daɗe bai fitar da kwafin da ya tsira da gyaran ya yar da kuskuren ba, mai yawan tsallake kuwa zai dace da shi da wuri. Idan aka haɗa wannan da cewa cututtuka su ma ba a tsaye suke ba, kullum suna sake dabara, sai a ga cewa fa'idar musanya tana bayyana a tsakanin kaka da jika, ba a tsakanin ya da ƙanwa ba. A ganina wannan shi ne mafi rinjaye, ko da yake ijma'i bai ƙullu a kansa ba.

Ko wane ƙauli mutum ya ɗauka, akwai sharaɗi guda da dukansu suka tsaya a kai, kuma shi ne ya dawo da mu ƙasar Batsari da Safana. Musanya ba ta ƙirƙiro sabon lafazi. Abin da ta tarar shi take jujjuyawa. In kwafin uba da na uwa ɗaya ne harafi da harafi, malam ya tsallaka sau dubu, littafi guda zai fitar. Ƙudan zuma kuwa ya fi yawancin halittu cutuwa da auren dangi, saboda akwai wani gado guda, wanda Beye ya gano a 2003, da yake yanke hukuncin jinsi: in na uwa da na uba suka saɓa, mace ta fito, in suka zo iri ɗaya, sai a sami namiji marar amfani wanda ma'aikata suke cinyewa tun yana tsutsa. Sarauniyar da ta sadu da ɗan'uwanta na kusa, in gadon nan nasa ya zo ɗaya da nata, rabin ƙwan da ta haɗa da maniyyinsa asara ne, mai amya kuma ya ga saƙar 'ya'ya giɓi-giɓi bai san dalili ba. Maganin wannan ba ya cikin amya, yana cikin yawan gidajen zuma da ke warwatse a daji, waɗanda ba na kowa ba, waɗanda mazansu suke cika mahaɗar nan ta sama.

Dajin Rugu, wanda ya miƙe ta yammacin Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, shi ne taskar wannan yanki ta wannan fuska. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana suka sa wa sunan Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal, wanda ita ma kuka da sunansa ake kiranta a littattafansu, bai taɓa shiga hannun masu zaɓen iri ba. Ɗabi'unsa da ake kuka da su, zafin harbi da yawan ƙaura in fure ya yanke ko an dame shi, su ne suka raya shi a ƙasar da rani yake fin rabin shekara, inda in ba don gawo da ke fure da rani ba, da ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da ke biyo baya, da babu abin kai wa baki. Hanyar kakanni ta rataya amya a jira wanda Allah ya kawo, ko da yake ana yi mata kallon ci baya, ta bar ƙofar nan a buɗe, kowace shekara jinin daji yana shigowa.

Saboda haka ina ganin kuskure ne babba a ɗauka cewa gyaran sana'ar nan shi ne a shigo da sarauniyoyi daga waje don sun fi sanyin hali. Akwatin zamani mai jerin sanduna alheri ne, domin yana ba da damar a ɗebi zuma a bar 'ya'ya. Ɗauko iri daga nesa kuwa tarihi ya riga ya yi hukunci a kansa. A 1956 Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin Afirka Barazil, a 1957 gidaje 26 suka kuɓuce, kafin ƙarshen 1990 zuriyarsu ta isa Teksas, ta mamaye irin Turai a duk ƙasashen zafi da ta ratsa, wanda ya nuna wane iri ne ya dace da zafi. A Afirka ta Kudu, da aka ɗauki ƙudan zuman yankin Kef aka kai arewacin ƙasar a wajen 1990, ma'aikatansa suka riƙa kutsawa gidajen na can suna saka ƙwai, aka yi asarar dubun dubatar gidaje. Kaskar nan mai suna baruwa, wadda ta addabi masu kiwo a Turai da Amurka har ba sa iya yi sai da magani, ta hanyar jigilar zuma ta yaɗu. Da ta isa Afirka ta Kudu a 1997 kuwa, ƙudan zuman can ya jure mata cikin 'yan shekaru ba tare da magani ba. Ko da ma an kawo sarauniya mai sanyin hali Safana, 'yarta za ta tashi ta sadu da mazan Rugu, ta kuma cuɗanya gadon ta yadda kafin jikoki abin da aka saya da tsada ya watse.

Barazanar gaskiya tana gida. Kowace tsohuwar bishiya mai kogo da aka sare don gawayi gidan zuma ce da aka rushe, kuma yawan lodin itacen da ke fita daga dazuzzukan nan ya isa a gane shi daga cewa, a cikin dokar tsaro da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a ƙarshen Agustan 2021, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ko da yake dalilinta na tsaro ne. Akwai ɗibar zuma da wuta tsirara cikin dare, wadda take ƙone sarauniya da 'ya'ya saboda ribar dare ɗaya. Akwai feshin maganin ƙwari a gonar wake da safe, daidai lokacin da take fure zuma yana kanta. Sa'an nan ga fitinar 'yan bindiga, wadda ta raba mutanen ƙauyukan bakin daji da amyoyinsu, ta kuma sa dattawan da suka san sana'ar suka koma gudun hijira a garuruwa, ba tare da sun miƙa ta ga na baya ba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana ce, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga malaman aikin gona na Samaru a Zariya. Abin da ake bukata don auna musanyar sarauniyar Rugu bai wuce mazan zuma goma sha wani abu daga kowace amya ba, a adana su cikin kwalba, a haɗa kai da masu na'urar karanta gado, kuma ya kamata a yi haka tun itatuwan suna tsaye. Masu girma Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman Batsari da Safana, tare da dagatai da masu unguwanninsu, suna da ikon tsawatarwa a kan sare ɗorawa da tsamiya da kuka masu kogo. Ku kuma 'yan'uwa masu amya, in kun hau, ku yi da hayaƙi ba da harshen wuta ba, ku yanki saƙar zuma ku bar ta 'ya'ya da uwarsu, ku kuma roƙi maƙwabtanku manoma su jinkirta feshi zuwa faɗuwar rana.